Rage Shaye-shaye a Tsakanin Matasa: Tambayoyin da Iyaye da Malamai Suka Fi Yi

Waɗannan tambayoyi ne da suke yawan fitowa daga bakin iyaye da malaman makaranta da masu unguwanni a duk lokacin da aka zauna kan shaye-shayen yara 'yan shekara 13 zuwa 19. An fara da na share fage, sannan aka shiga waɗanda suka shafi gida da makaranta da unguwa da asibiti.

Waɗanne abubuwa ne matasanmu suke sha a yanzu?

Tabar wiwi ce a kan gaba, kuma ta daɗe a wannan matsayi. Bayanta sai magungunan asibiti da aka karkatar daga inda aka nufa da su: tiramol, maganin tari mai kodin, diazefam da ake kira D5, roci, Exol, da pregabalin wadda ta shigo daga baya. Akwai kuma waɗanda ake shaƙa, irin su sholisho da fetur da sukudaye, waɗanda ƙananan yara suke farawa da su saboda arha, sai na tsiro irin su zaƙami da gadagi. Sigari da shisha kuwa, ko da yake mutane da yawa ba sa lissafa su, su ne ƙofar da yara da dama suke fara shiga ta cikinta.

Rabin wannan jeri magani ne na halas a hannun likita, kuma wannan ne ya sa ɓoye shi yake da sauƙi. Hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna ta amince ne da tiramol mai ƙarfin miligiram 50 da 100 kawai, amma wanda yake yawo a tashoshin mota da lungunan kasuwa yakan kai 200 ko 225, har 250. Uban da yake jiran ya ji warin hayaƙi a rigar ɗansa zai iya shekara bai ji ba, alhali an narka ƙwaya a robar lemo ana sha a gabansa.

Shin matsalar ta kai yadda ake zuzuta ta?

Bincike mafi faɗi da aka yi a Najeriya shi ne na 2018, wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da UNODC, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi da laifuka. Ya gano cewa mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64, wato kashi 14.4 cikin ɗari, sun sha wani abu mai sa maye a cikin shekarar da ta gabaci binciken, ban da giya da sigari, a lokacin da matsakaicin duniya yake kashi 5.6. Masu shan wiwi sun kai miliyan 10.6, masu tiramol da danginsa miliyan 4.6, masu maganin tari miliyan 2.4. A Arewa maso Yamma kashi 12 ne, a Jihar Kano kashi 16, Kudu maso Yamma kuwa ta fi kowa, inda ya kai kashi 22.4, saboda haka ciwon bai keɓanta da Arewa ba.

Akwai wata fuska ta waɗannan alƙaluma da ba a cika faɗa ba: idan mutum 14 cikin ɗari sun sha, to 86 ba su sha ba. Wannan yana da amfani ƙwarai wajen magana da matashi, kamar yadda aka bayyana a amsar da ta shafi makarantu.

Me ya sa ake ba shekarun samartaka muhimmanci fiye da sauran?

Sashen gaba na ƙwaƙwalwa, wanda yake auna sakamako ya kuma taka wa mutum birki, ba ya gama ginuwa sai wajen shekara 25, alhali sashen da yake neman daɗi da burge tsara ya riga ya kankama tun farkon balaga. Don haka yaron da ya fara sha yana ɗan 13 ko 14 ya fi wanda ya fara bayan ya haura 20 haɗarin kamuwa nesa ba kusa ba. Kowace shekara da aka jinkirta ɗanɗanon farko riba ce, ko da ba a kai ga hana shi gaba ɗaya ba.

Me ke kai yaro ga fara sha?

Kusan kullum abokai ake ɗora wa laifi, kuma gaskiya ne ƙwayar farko daga hannun aboki take fitowa, ba daga hannun baƙon dila ba, kuma kyauta. Sai dai tambayar da ta fi amfani ita ce abin da ya sa yaron ya karɓa, da abin da ya sa ya koma karo na biyu. Wani yana neman ƙarfin aiki ne, kamar ɗan leburan gini ko ɗan dako ko yaron gareji da aka gaya masa tiramol tana kashe gajiya. Wani barci yake nema, ko mantuwa da rigimar gida, mutuwar aure tsakanin iyaye, ko rashin uwa a gidan da aka bar shi. Wani kuma zaman banza ne kawai: an tashi daga makaranta da azahar, babu abin yi har dare, majalisa ce kaɗai ta buɗe masa ƙofa.

Akwai waɗanda ta hanyar jinya suka kamu, musamman masu ciwon sikila da ake yi wa allurar kashe raɗaɗi ba tare da kulawar likita ɗaya tsayayye ba. Akwai kuma waɗanda manya suka koya musu da gangan, domin kowa ya san yadda ake raba ƙwaya ga 'yan jagaliya a lokacin kamfe. Sanin dalilin kowane yaro shi ne yake nuna maganinsa, domin wanda yake sha don ya yi barci ba zai daina ba sai an gano abin da ya hana shi barcin.

Ta yaya zan gane ɗana ya fara?

Alama guda ba ta isa hujja ba, domin balaga kanta tana kawo saurin fushi da son kaɗaici. Abin dubawa shi ne sauyi a fuskoki da yawa a lokaci guda: barcin rana mai nauyi da farkawar dare, jan ido, magana tana jan ƙafa, ramewa ko cin abinci fiye da kima, sakaci da salla da wanka, faɗuwa a jarrabawa, da sababbin abokai waɗanda ba sa yarda su shigo zaure su gaishe da kowa. Ɓacewar ƙananan abubuwa a gida, daga canjin cefane zuwa caja da atamfar uwa, alama ce mai ƙarfi. Haka nan ɓawon katin ƙwaya a aljihu, kwalabar maganin tari a bayan ɗaki ko saman rufi, da tsumma mai warin sholisho. Yaron da bai taɓa farfaɗiya ba ya faɗi yana jijjiga, a gaya wa likita ya duba batun tiramol, domin yawan shanta yana haddasa haka.

Na sami ƙwaya a aljihun wandonsa. Me zan fara yi?

Kada a yi maganar a wannan daren idan yana cikin maye ko kuma ran uba yana tafasa, kuma kada a yi ta a tsakar gida gaban ƙannensa da kishiyoyin uwarsa, domin yaron da aka tozarta a gaban jama'a kare kansa zai yi da ƙarya. A ajiye abin da aka samu, a nuna wa likita ko ma'aikacin harhaɗa magunguna don a san mene ne. Washegari, bayan ya karya, a kira shi shi kaɗai. Maganar ba sai ta yi tsawo ba: "Zo nan ka zauna. Na ga wannan a aljihunka jiya. Ban kira ka don in dake ka ba, so nake ka gaya mini tun yaushe, kuma me yake damunka." Daga nan sai a yi shiru a saurara, ko da shirun ya yi nauyi. Zai iya cewa ajiya aka ba shi. Kusan dukkansu haka suke cewa da farko, kuma ba lallai ne a ci nasara a zama ɗaya ba.

A gidaje da yawa alkunya tana hana uwa ko uba irin wannan zama, musamman da ɗan fari. Wannan ba dalilin fasawa ba ne, domin al'ada ta riga ta tanadi mafita: kawu, baffa, goggo, ko yayan da yaron yake sakin jiki da shi. Abin da ake buƙata shi ne babba ɗaya da yaron zai iya gaya wa gaskiya ba tare da tsoron za a yayata shi a dangi ba. Idan ya bayyana cewa shan ya zama na kullum, a duba amsar da ta yi magana kan asibiti, kada a tsaya a kan alƙawarin da ya yi na dainawa.

Duka, ko kulle shi a ɗaki, ko kai shi gidan mari ba zai sa ya daina ba?

Duka yana koya wa yaro ɓoyewa ne, kuma korarsa daga gida miƙa shi ne kai tsaye ga kangon da dillalai suke kwana. Kulle shi don ya daina cikin dare ɗaya yana da haɗari na gaske, domin wanda jikinsa ya saba da diazefam ko roci, idan aka yanke masa farat ɗaya, yana iya kamuwa da jijjiga mai kisa. A hankali ake rage irin waɗannan a ƙarƙashin kulawar likita.

Game da gidajen mari, iyaye da yawa suna kai 'ya'yansu ne bayan sun rasa yadda za su yi, kuma babu adalci a zarge su da rashin tausayi. Amma abin da aka gani a 2019 ya isa darasi, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da mari a ƙafa da tabon duka, sannan aka sake gano irinsa a Daura da wasu garuruwa. Duk wurin da ba ya barin iyaye su ga ɗansu su kaɗai a lokacin da suke so, ko babu likita ko ma'aikacin jinya a cikinsa, ba wurin magani ba ne, kowane irin suna aka rubuta a ƙofarsa.

Wane abu ne aka tabbatar yana rage shaye-shaye tun kafin a fara?

Misalin da ya fi fitowa fili shi ne na ƙasar Aisland, a arewacin Turai. A 1998, kashi 42 cikin ɗari na yaransu 'yan shekara 15 da 16 sun bugu da giya a cikin watan da ya gabaci tambayarsu, kashi 23 suna shan sigari kullum, kashi 17 sun taɓa shan wiwi. Zuwa 2016 alƙaluman sun sauka zuwa 5 da 3 da 7. Ba laccoci suka ƙara ba. Sun hana yara 'yan 13 zuwa 16 yawon dare bayan ƙarfe goma a lokacin sanyi, iyayen kowane aji suka riƙa rattaba hannu kan yarjejeniyar sanin abokan 'ya'yansu da ƙara lokacin zama da su, hukuma ta zuba kuɗi a wasanni da kiɗa da zane a ƙarƙashin ƙwararrun masu horarwa, sannan suka riƙa tambayar ɗalibai a kai a kai suna miƙa wa kowace unguwa sakamakonta.

Aisland ƙaramar ƙasa ce mai arziki, mutanenta ba su kai na wasu ƙananan hukumomin Kano ba, don haka ba za a kwafo tsarinta yadda yake ba. Amma ginshiƙansa ba baƙi ba ne a wurinmu: babba ya san inda yaro yake, ya san da wa yake, kuma lokacin yaron ya kasance a cike. A ganina, sa'o'in da ke tsakanin la'asar da bayan isha su ne fagen da ake cin nasara ko a faɗi. Islamiyya, koyon ɗinki ko gyaran waya ko kafinta, da ƙungiyar ƙwallon unguwa mai koci na gari duk suna cike wannan giɓi, da sharaɗin a san mai gidan sana'ar sosai, domin wasu gareji da wuraren aiki su ne makarantar ƙwayar kanta.

A cikin gida kuwa, abubuwan ƙanana ne amma sai da naci: lokacin rufe ƙofa da kowa ya sani, cin tuwon dare tare ko da sau uku a mako, sanin iyayen abokan yaro da gidajensu, bin sawun kuɗin da yake shigo masa, adana magungunan gida a inda ake kullewa, da daina aiken yara sayen sigari. Dokar taƙaita shan taba ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma hana sayar da ita kara-kara, ko da yake duk wanda ya tsaya a teburin mai shayi ya san yadda ake bin wannan doka.

Me ya kamata makarantu su yi, ban da gayyato jami'ai su yi lacca?

Laccar shekara-shekara mai hotunan mahaukata da gawarwaki tana burge manya fiye da yara. Amurka ta gwada mai kama da haka da shirin DARE, wanda aka fara a Los Angeles a 1983, inda 'yan sanda suke shiga aji, kuma bincike daban-daban ya nuna bai rage shan ƙwaya yadda aka yi zato ba. Yaron da aka gaya wa zuƙa ɗaya tana haukatarwa, sannan ya ga abokinsa yana sha bai haukace ba, ya daina yarda da sauran maganar ke nan. Haka kuma yawan cewa "duk matasa sun lalace" yana sa wanda bai fara ba ya ji shi ne bare. Gara a gaya masa gaskiyar da ke cikin amsa ta biyu, cewa mafi yawan tsaransa ba sa sha.

Abin da ya fi tasiri shi ne darussa a jere da malamin aji yake koyarwa, inda ɗalibai suke gwada yadda za su ƙi tayin aboki ba tare da sun rasa abotarsa ba, da yadda za su yi da fushi da damuwa. Shirin Unplugged, mai darussa 12, wanda UNODC da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya suka gwada a makarantun sakandare na gwamnatin tarayya, irin wannan ne. Ɗalibin da aka kama kuwa, korarsa tana tsabtace sunan makaranta amma tana ba shi yini guda cur na zaman banza. Kiran iyaye, haɗa shi da malamin ba da shawara, da tura shi asibiti sun fi, sai fa wanda yake sayar wa 'yan uwansa.

'Yan mata ma suna ciki?

Suna ciki. Binciken 2018 ya nuna ɗaya cikin kowane mutum huɗu masu sha mace ce, kuma a maganin tari da ƙwayoyin barci tazarar da ke tsakaninsu da maza ba ta da yawa. Nasu ya fi ɓoyuwa domin a ɗaki ake yi, ko a gidan biki da wajen ƙawaye, kuma iyaye sukan rufe maganar don gudun kada ta rasa mijin aure. Aurar da yarinya don ta daina mayar da matsalar ne gidan wani, inda ciki da goyo za su ƙara mata haɗari. A nemi likita ko ma'aikaciyar jinya mace, a yi magani tukuna.

Wace rawa malaman addini za su taka?

Hukuncin a bayyane yake a aya ta 90 ta Suratul Ma'ida da hadisin da ya ce duk abin da ke sa maye giya ne, kuma duk giya haramun ce, kuma matasa da yawa suna buƙatar jin cewa hukuncin ya haɗa da ƙwayar kemis da maganin tari. Amma akwai wani hadisin a Bukhari da ya kamata a riƙa haɗawa da shi, na mutumin da aka sha kawowa saboda shan giya, wani ya la'ance shi, Annabi (SAW) ya hana, ya shaida cewa yana son Allah da ManzonSa. Limamin da ya bar ƙofar masallaci a buɗe ga yaron da ake kira ɗan ƙwaya, ya kuma ce wa iyaye su haɗa addu'a da asibiti, ya yi aikin da huɗuba goma ba su yi ba.

In sa a yi masa gwajin fitsari?

Gwaji yana da amfani a hannun likita, musamman wajen bibiyar wanda yake karɓar magani, amma ba ya maye gurbin magana. Mafi yawan ƙwayoyi suna fita daga fitsari cikin kwana biyu zuwa huɗu, wiwi tana iya kai makonni a jikin mai sha kullum, sholisho kuwa gwajin da aka saba yi ba ya nuna shi. Sakamako mai kyau ba ya wanke yaro, gwajin dole a ɓoye kuma yana iya rushe amanar da aka yi bayani a amsar da ta shafi samun ƙwaya a aljihu.

Gwamnati ta hana kodin, NDLEA tana ta kame. Me ya sa abin bai ƙare ba?

A ranar 1 ga Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, kwana ɗaya bayan wani binciken BBC ya nuna yadda yake fita daga kamfanoni zuwa kasuwar bayan fage. Kwalbar ta yi tsada, ta yi wuyar samu, kuma wannan nasara ce, domin tsada tana hana ƙaramin yaro farawa. Sai dai waɗanda suka riga suka kamu wasu ƙwayoyin suka koma. Hukumar NDLEA mai yaƙi da sha da fataucin miyagun ƙwayoyi, wadda aka kafa a 1989, ta ƙara ƙaimi tun da Birgediya Janar Buba Marwa mai ritaya ya karɓi ragamarta a 2021, kuma a farkon 2024 aka tayar da dillalan magani daga kasuwar Sabon Gari ta Kano zuwa cibiyar da aka gina a Dangwauro don a iya sa ido a kansu. Duk wannan toshe hanyar kaya ne. Bai taɓa dalilan da suke sa yaro nema ba.

A matakin unguwa, mai kemis ba shi da izinin sayar da tiramol ko diazefam, kuma kowa ya san shagon da yara suke yi wa layi bayan magariba. Kai ƙara ta hannun mai unguwa da kwamitin dattawa ya fi aminci a kan mutum ɗaya ya fito shi kaɗai, kuma ya fi a tura 'yan sintiri su yi duka. Masu kangaye da gine-ginen da ba a ƙarasa ba su ma a nemi su toshe su.

Ina za a kai yaron da ya riga ya kamu, kuma me ake yi masa?

Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato da Maiduguri, da asibitin Dawanau da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, duk suna duba masu wannan matsala, kuma ofisoshin NDLEA na jihohi suna da sashen ba da shawara, ban da layinta na kyauta, 0800 1020 3040. Zuwa asibitin ƙwaƙwalwa ba ya nufin yaro ya haukace. Likita zai tantance abin da ake sha da yawansa, ya duba ko akwai ciwon damuwa a ƙarƙashi, ya rage ƙwayar a hankali idan da buƙata, sannan a shiga zaman shawara wanda ya fi inganci idan iyaye suna halarta. Matasa da yawa ba sa buƙatar kwanciya. Daga gida suke zuwa suna ci gaba da karatunsu.

Ya daina wata shida, sai ya koma ruwa. Aikin ya tashi a banza ke nan?

Bai tashi a banza ba. Kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa magani sukan koma aƙalla sau ɗaya, kusan daidai da yadda hawan jini yake dawo wa wanda ya yi sakaci da maganinsa. A koma wurin likita da wuri, a duba abin da ya jawo, wanda sau da yawa tsohuwar majalisa ce, ko zaman banza, ko gorin 'yan gida. Wannan lokaci yana da haɗari na musamman, domin jikin ya manta da ƙwayar, kuma adadin da ya saba sha a da yana iya tsayar masa da numfashi yanzu.

Idan na same shi a sume fa?

Idan ba ya amsa kira ko girgiza, numfashinsa ya yi ƙasa ko yana wani irin minshari, leɓɓansa sun canza launi, ko ɗigon tsakiyar idonsa ya tsuke, a ɗauke shi zuwa asibiti mafi kusa nan take da duk abin hawan da aka samu. A kwantar da shi a gefensa don kada amai ya shaƙe shi. Kada a ɗura masa madara ko manja ko ruwan gishiri, kada a cusa masa cokali a baki idan yana jijjiga, kuma kada a bar shi a ɗaki da sunan barci zai warware shi. A tafi da katin ƙwayar ko kwalbar da aka gani kusa da shi, a gaya wa likita gaskiyar abin da ya sha da lokacin da aka gan shi na ƙarshe a farke, domin akwai allurar naloxone da take karya ƙarfin kodin da danginsa cikin mintuna idan an san abin da ake yaƙa.